Ranar da Auta Ta Yanke Tafin Kawu

Auta ta dawo daga makaranta da gudu, ko takalmi ba ta cire ba.

"Kaka! Kaka! Za ki fito a fim!"

Malama ce ta ce kowane ɗalibi ya kawo ɗan gajeren bidiyo a kan sana'ar wani a gidansu. Kaka kuwa tela ce. Sai da Auta ta yi ta magiya kafin ta yarda.

"Sau ɗaya tak, kin ji ko?" in ji Kaka. "Ni ba 'yar wasa ba ce."

Kawu ya zo da kyamara, don aikinsa ke nan. Ya maƙala wa Kaka wata 'yar na'ura a wuyan riga, mai ɗaukar murya. Duk lokacin da za a fara ɗauka, sai ya tsaya gaban kyamara ya tafa hannu, tas!

Da aka gama, suka wuce shagonsa.

"Kwafe komai daga katin kyamara zuwa kwamfuta," in ji Kawu. "Ki ba kowane yanki suna. Kada ki yanke, kada ki goge. Yanzu zan dawo."

Ina! Auta sarkin rawar kai ce. Ta buɗe yanki na farko, ga Kawu yana tafi. Na biyu ma haka.

"Haba, wannan ai sai a yi mini dariya a aji!"

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta yanke tafin, ta zubar. Ta kuma share katin tas, ta ɗauki bidiyon kanta a kai tana rawa.

Kawu ya dawo ya ɗora murya a kan hoto. Tirƙashi! Bakin Kaka a rufe, amma murya na ta zuba. Da ta buɗe baki kuma, sai ƙarar keken ɗinki ta fito.

"Auta, ina tafina?"

"Na gyara maka, Kawu. Ba shi da kyau."

Kawu ya dafe kai. "Hoto daban aka ɗauka, murya daban. Inda hannuna ya haɗu a hoto, nan nake ɗora ƙarar tafin. Da shi suke tafiya tare. Kawo katin."

Auta ta sunkuyar da kai, ta ce ta riga ta share shi. Tsoro ya kama ta. Gobe za a nuna fim, kuma Kaka ba za ta sake zama ba. Sai ta fashe da kuka.

"Kuka ba zai gyara ba, 'yata," in ji Kawu. "Nemo mana abin da ido zai gani, kunne kuma ya ji a lokaci guda."

Auta ta share hawaye, ta zura wa kwamfuta ido. Ƙawayenta suka leƙo suna kiran ta wasa. Ta ce su je kawai. Ta kalla, ta sake kallo, har wuyanta ya ƙage.

Can sai ta daka tsalle.

"Almakashi! Kawu, almakashin Kaka!"

Gaskiya ne. Kaka ba ta minti guda ba ta datsa yadi ba. Suka nemo inda bakin almakashi ya rufe, suka ɗora ƙarar a kai, ƙyas! Nan take bakin Kaka da muryarta suka daidaita.

Auta ta yi ihun murna. Amma yanki ɗaya ya ƙi, wanda Kaka take waƙa a ciki, don babu almakashi a wurin. Dole aka cire shi. Abin ya yi wa Auta ciwo, shi ne ta fi so.

Washegari Kaka ta zo aji, ta zauna a baya. Da ta ga kanta a bango tana koyar da ɗinki, sai ta rufe baki da mayafi tana dariya. 'Yan aji suka yi ta waiwayen ta.

"Me kika koya, Auta?" in ji Malama.

Auta ta miƙe. "Na koyi cewa idan ban san amfanin abu ba, in tambaya kafin in zubar da shi. Garaje ya sa ba ku ji waƙar Kakata ba."

"A'a, a kan waƙa?" in ji Kaka daga baya. "Ai ga mai waƙar a zaune!"

Ta gyara murya, ta rera musu ita tun daga farko.