Jan Biro da Malam Gaggawa

Saƙon da ya rubuta wa mace ɗaya, mutum dubu tara ne suka karanta shi. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari.

Shi mai gina shafukan intanet ne a wani ƙaramin kamfani, ita kuma aikinta gwada abin da ya gina. Ranar da ta fara aiki ya miƙa mata shafin da ya yi wa wani asibiti, inda marasa lafiya ke neman ranar ganin likita. Sai hura hanci yake. Kafin awa guda ta dawo masa da takarda ta sha jan biro.

"Na sa haruffa a gurbin lambar waya, ya karɓa. Na danna maballi sau biyu, ya ba ni likita biyu. Malam Gaggawa, kai ba ka gwada abu kafin ka sake shi?"

"In na gwada, ke me za ki ci?"

Ta harare shi, amma dariya ta kuɓuce mata. Daga ranar ya sa mata suna Jan Biro.

Shafin biyu ne: na gwaji, wanda su kaɗai ke shiga, da na gaske, wanda jama'a ke amfani da shi. Kamarsu ɗaya sak. Ta sha gaya masa, "Ka canza wa na gasken launi, wata rana za ka ruɗe." Kullum amsarsa, "Gobe."

Ta na gwajin yake aika mata saƙo, don shugaban sashensu ma yana sonta, kuma ya sa musu ido. Wata Talata da safe ya rubuta:

"Jan Birona, 'yar mai walda, na duba rayuwata sama da ƙasa, kuskure ɗaya na gani: ba kya cikinta. Ki zo ki gyara min."

Ya danna. Ashe a kan na gaske yake. Saƙon ya faɗa wayar duk marasa lafiyar asibitin.

Kafin azahar mazajen mata sun cika ƙofar asibitin suna neman ba'asi. Babanta ma, da ke zuwa can awon hawan jini, ya samu nasa. Shugaban sashe bai ɓata lokaci ba. Ya kori Malam Gaggawa daga aiki, ya kuma bi sauran kamfanoni yana nuna musu hoton saƙon. Wata biyar Malam Gaggawa yana yawo da takardun neman aiki, duk inda ya shiga sai an yi murmushi a ce, "Au, kai ne?"

Ita kuwa shiru, har ya ɗauka ta koma wa shugaban. Sai ga saƙo:

"Baba ne ya karɓe wayata. Ban canza ba. Amma na gaya maka ka canza launin."

Ya sami baban nata a shagonsa na walda, tartsatsi na tashi. Ya durƙusa.

"Baba, na yi kuskure."

"Kuskure? An mai da sunan sana'ata abin dariya a layi. Wanda bai san inda zai aika magana ba, ina zai san inda zai ajiye 'yata?"

Sau huɗu yana zuwa. A na biyar tsohon ya ɗage gilashin fuskarsa.

"Ta ƙi kowa, har uwarta ta hana ni sakat. In kana so, ka ajiye wannan akwatin naka na kwamfuta har abada, ka zo nan. Ƙarfe in ka yi gaggawa, kai kaɗai yake ƙonawa."

Jan Biro ta ce masa kada ya yarda, za ta jira. Ya san jiran ba shi da ƙarshe. Ya yarda.

Aka ɗaura aure. Tsohon ya dafa kansa ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ka natsuwa."

Tana nan tana aikinta. Sabon da aka ɗauka a gurbinsa, a satinsa na farko ya mai da shafin gaske ja.

Wani lokaci in ta dawo takan turo masa kwamfutarta. "Malam Gaggawa, duba min wannan, ya ƙi tafiya."

Yakan ga matsalar tun daga nesa. Sai ya kalli yatsunsa da suka sha ƙuna, ya tura mata abarta a hankali.

"Na yi wa Baba alkawari, Jan Biro."

Tasa tana ƙarƙashin gado, shekara uku ke nan ba a buɗe ta ba.