Abarshi da Totuwar Zaman Zagaye

A zamanin Turawa, makarantar elementare ta Birnin Gwari tana da gonar masara a bakin daji. Wata shekara masarar ta yi kyau ƙwarai. Sai birai suka gano ta.

Malam Haruna ya tara 'yan aji a gindin ɗorawa. Ya ce, "Yau zaman zagaye za ku yi."

Auta, ƙaraminsu, ya ce, "Malam, mene ne zaman zagaye?"

Malam ya ce, "Zama ne da babu babba, babu ƙarami. Ga totuwar masara. Wanda take hannunsa shi ke magana. In ya gama, ya miƙa wa na kusa. Ku nemo dabarar tsare gonarku."

Sai aka aiko kiran Malam daga gidan hakimi, ya tafi.

Abarshi shi ne monita. Yaro ne mai ƙwazo, amma kai, akwai baki! Ya cafke totuwa, ya yi ta zuba. Bakoji, ɗan makiyaya, ya miƙo hannu. Abarshi ya ce, "Dakata tukuna."

Azumi ta ce, "Haba Abarshi, mu fa?"

Ya cusa totuwa a aljihu. Ya ce, "An gama. Gobe ba makaranta, kowa ya zo gona da sassafe."

Washegari ya isa gona, babu kowa. Sai ga birai garke guda! Ya kori na gabas, na yamma suka shigo. Wani ƙaton biri ya ɓare masara yana ci yana kallonsa. Gefe guda na gonar ya salwanta. Abarshi ya zauna ya fashe da kuka.

Da Malam ya ji labari, sai ya tambaye shi, "Wa ya ce maka zai zo?"

"Ba kowa, Malam. Ni ne na ce."

"To, ina totuwa?"

Abarshi ya zaro ta daga aljihu, kunya kamar ta kashe shi.

Aka sake zama. Wannan karon Abarshi ya fara miƙa wa Auta totuwa. Auta ya ce zai zo da gwangwani ya riƙa kaɗawa.

Bakoji ya ce, "Da safe maruƙa nake kiwo. Abin da na so in gaya maka ke nan. Amma da yamma zan zo da karenmu."

Azumi ta ce, "Ni sai na dawo daga tallar koko."

Kowa ya zaɓi lokacinsa, kowa kuma ya cika alkawari. Birai suka gaji suka koma daji.

Ranar gasa masara aka zauna zagaye ana dariya. Malam ya ce, "Monita, me ka koya?"

Abarshi ya jira har totuwa ta iso gare shi. Sannan ya ce, "In kana so a yi aiki tare, ka bari kowa ya yi magana."

Ya yi maza ya miƙa wa Auta totuwa.