Jifan da Ya Kumbura Hannun Yaya Jeffrey

"Jifa fa kika ce, Caroline? Sana'arsa ke nan?"

Yaya Jeffrey ya ajiye sifana yana kallona. Bakanike ne a Sanaiya, unguwar masana'antu, kuma shi ne uba a wurina tun da na zo Doha aikin nas.

"Besbol ake ce wa wasan, Yaya. Malachi ke jefa ƙwallo, wani ya nemi bugunta da sanda."

"Khalas, magana ta ƙare. Ba zan kai wa Mama zancen aurenku ba."

Na fita ina share hawaye...

A asibitinmu na san Malachi, bayan an yi masa aiki a kafaɗa. Ɗan Zonkwa ne. Wani malamin mishan ya koya masa wasan, jami'a a Amurka ta ɗauke shi, ya ciwo mata kofi a shekararsa ta ƙarshe. Ya buga wa ƙungiyoyi a Meziko da Koriya har kafaɗar ta yage. Likita ya ce da wuya ya sake jifa, amma kowace safiya sai in same shi yana jan robar motsa jiki, gumi na zuba, ba ƙorafi.

"In hannun ya ƙi fa?" na taɓa tambayarsa.

"Sai in koyar da yara, masoyiya. Amma sai na gwada tukuna."

Ran Juma'ar da zai yi jifan gwaji, da ƙyar na jawo Yaya filin. Sai mai cafe ƙwallon bai zo ba.

"Kawo safar hannun," in ji Yaya. "Ni da nake ɗaga injin mota?"

Malachi ya sa masa kariyar fuska da ƙirji.

"Riƙe hannunka a nan, Yaya. Kada ka motsa."

Malachi ya ja baya, ya ɗaga ƙafa, ya saki. Ban ga ƙwallon ba, ƙararta kawai na ji cikin safar, daidai inda ya nuna.

Ya shafa kafaɗarsa, idonsa ya ciko.

"Babu zafi, Caro..."

Yaya ya zare safar a hankali. Tafinsa ya yi jajur, har ya fara kumbura. Na ɗora masa ƙanƙara.

"Da hannun da aka yanka ya yi wannan?"

"Da shi, Yaya."

Ya daɗe yana kallon Malachi.

"Ashe aiki ne. Ka turo manyanka gida kafin ka koma Koriya. Amma ni da kai, jifa ya ƙare."