Ƙyallayen Ƙarƙashin Keke

Auta tana zaune a bakin gado tana shafa mai a fason ƙafarta, Yayarta ta banko ƙofa da waya a hannu.

"Ke! Tashi ki ga abin da kika jawo mana!"

"Haba Yaya, ko sallama babu?"

"Sallamar me? Ungo, duba!"

Hoto ne. Auta ce a ciki da damin itace a ka, zane ɗaure a ƙugu, ƙafa duk laka, tana bin bayan wasu mata a wata siririyar hanya tsakanin duwatsu. Wani abokin aikinta ne ya ɗauka ya sa a shafin ƙungiyarsu. Daga can hoton ya yi ta yawo har ya faɗa guruf ɗin dangin Injiniya, saurayin da aka tsayar da maganar aurenta da shi.

"Ai ni gani nake na yi kyau," in ji Auta.

"Kyau? Karanta abin da gwaggonsa ta rubuta a ƙasa. Wai amaryarsu ta samu aikatau a daji! Duk karatun da kika yi, a ce a itace kika ƙare?"

Auta nas ce. Tana gama karatu ta shiga wata ƙungiyar sa kai mai tura matasa wurin ƙananan ƙabilun da ke zaune a kan duwatsu, masu yarensu na daban, nesa da titi da asibiti. Ƙungiyar tana da ƙa'ida guda da ba a karyawa. Sabon zuwa ba ya buɗe jakar magani sai in larura ta gaggawa ce, kuma ba ya tara mutane ya yi musu bayani. Zai zauna a gidan da aka sauke shi, ya ci abin da suke ci, ya yi aikin da suke yi, har mutanen su saba da shi su faɗi damuwarsu da bakinsu. An kafa ƙa'idar ne saboda waɗanda suka riga su zuwa sun gina aji mai kyau ba tare da sun tambayi kowa ba, ajin ya koma makwancin awaki.

Kafin Auta ta amsa, Umma ta leƙo. Fuskarta kaɗai ta isa labari.

"Mahaifiyarsa ta kira ni yanzu. Ta ce a dakata da komai tukuna."

Da yamma Injiniya ya zo. Gyaran firji da janareto yake yi, abokai suka laƙaba masa sunan har ya bi shi. Ya zauna a baranda yana juya makullin babur, ya kasa haɗa ido da ita.

"Mama ta ce ɗaya cikin biyu. Ko ki bar aikin nan, ko a bar maganar."

"Kai kuma me ka ce?"

"Me zan ce? Uwata ce, Auta. Ke ma kin san ni kaɗai gare ta."

"Na yi wa mutanen can alƙawarin komawa. Kai da bakinka ka ce in je, har jaka ka saya min!"

"Na faɗa, kuma ban janye ba. Ki dai ba ni lokaci in lallaɓa ta."

"Bar shi kawai. Rashin bayani ne. Gobe da kaina zan je."

Mama tela ce. Shagonta ɗaki ne guda a gaban gidansu: keke mai feda kusa da taga, teburin yanka, dutsen guga, riguna a rataye jikin igiya, ƙasa kuma cike da ƙyallayen da almakashi ya zubar. Auta ta gaishe ta, ta fito da waya, ta fara. Ta nuna hotunan yara masu kumburin ciki. Ta yi bayanin mata masu haihuwa ba ungozoma, da ruwan sha, da allurar rigakafi. Mama ba ta ɗaga ƙafa daga feda ba.

"Kin gama laccar?"

"Mama, so nake ki fahimta—"

"A kan keken nan na riƙe yaron nan tun ubansa ya rasu. Ban bari ya yi dako ba ko sau ɗaya, don kada wani ya nuna shi da yatsa. Yau ga matar da zai aura, dangin ubansa suna tura wa juna hotonta suna dariya."

Da Auta ta yi shiru a nan, da abin bai yi nisa ba. Sai ta ce, "Ai irin wannan tunanin na gudun bakin mutane shi ya hana mu ci gaba, Mama."

Keken ya tsaya.

"To, mai ci gaba. Ga ƙofa nan."

Injiniya bai jira yamma ba. Da kayan aiki a jikinsa ya iso, hannu duk baƙin mai.

"Me kika faɗa mata? Na tarar da ita tana kuka! Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hawayen Mama ba!"

"Gaskiya na faɗa."

"Gaskiya? Ke ce kike ba ni labarin yadda kika yi wata da watanni a kan dutse baki rufe, kina ɗebo ruwa, kina jira su yi magana. Mutanen da ko yarensu ba ki iya ba kin ba su wannan haƙurin. Uwata kuwa, ko zama ba ki yi ba kika hau koya mata rayuwa!"

Ya hau babur ya tafi. Auta ta shiga ɗaki ta kifa kai a filo. Ta yi kuka na jin haushi, da haushin ya wuce ta yi na jin kunya, domin ta juya maganarsa ta kowane gefe ba ta sami inda za ta kama shi da ƙarya ba.

Umma ta zauna kusa da ita ta dafa mata baya.

"Kina son sa?"

"Ina son sa, Umma."

"Aikin fa?"

"Shi ma."

"To share hawayenki. Kuka bai taɓa ɗinke abin da baki ya yaga ba."

Washegari da safe Auta ta koma shagon, ba waya a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Mama, na yi miki rashin kunya. Ki yafe min." Mama ba ta ko dube ta ba. Auta ta ɗauki tsintsiya ta share shagon, ta sami kujera a lungu ta zauna. Ba a kore ta ba, ba a kuma ce mata sannu ba.

Haka ta riƙa zuwa. Ta yi guga, ta sa maɓallai, ta warware ɗinkin da ya karkace. Ta lura Mama ba ta son a taɓa mata almakashi, ta daina. Ta lura idan rana ta yi sama Mama tana daɗewa kafin zare ya shiga allura, sai ta riƙa zura zaren tun kafin a nema ta ajiye a gefen keke. Ta gane wace kwastoma ce ake yi wa fara'a ta gaske, wace ce ake haƙuri da ita. Yaya kullum sai ta yi mata tsiya.

"Daga 'yar itace kin koma 'yar guga! Furomoshan ke nan!"

Injiniya kuwa idan ya shigo ya gaida mahaifiyarsa, sai ya gaida Auta a taƙaice ya fita. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ga lokacin komawarta dutse yana ƙaratowa, ba ta kuma san abin da za ta ce wa ƙungiyar ba.

Wata rana wata mata ta zo karɓar ɗinki, ta ƙura wa Auta ido ta fashe da dariya.

"A'a! Wannan ba ita ce ta cikin hoto ba? 'Yammata, nawa damin itace?"

Auta ta sunkuyar da kai. Mama ta ninke rigar matar ta miƙa mata.

"Riga kika kawo, ga rigarki. A shagona ba a taɓa wanda ke zaune."

Matar ta karɓi rigarta ta fita.

Duk sharar da Auta ta yi, takan tsince ƙyallaye masu ɗan faɗi ta zuba a leda maimakon ta kai bola. Mama ta daɗe tana gani. Ranar da ledar ta cika, ta kasa daurewa.

"Wai ina kike kai min shara?"

Wannan ce tambaya ta farko da ta yi mata tun ranar da ta zo neman gafara. Auta ta ajiye tsintsiya.

"Can dutse zan kai, Mama, in kin yarda. 'Yammatan wurin suna zuwa makaranta da ƙwazo, amma da sun fara girma sai a daina ganinsu. Kowa cewa yake iyayen ne ba sa son boko. Mu ma haka muka ɗauka. Sai wata rana muna wanki a rafi, matar da ta sauke ni ta matso ta faɗa min a kunne. Ashe lokacinsu na wata ne. Ba audugar mata, ba shagon da za a saya, yarinya zanenta ɗaya. Ga tafiya mai nisa, ga maza a aji. In ta yi ta fashi haka wata uku ko huɗu, karatu ya wuce ta, sai ta zauna gaba ɗaya. Ba su taɓa faɗa wa malamin ba, namiji ne."

Mama ta cire ƙafa daga feda.

"Farin yunifom gare mu," ta ce a hankali. "Malam ya ce in tashi in goge allo. Ina tashi ajin ya kwashe da dariya. Na ɗauki jakata na rufe bayana na fita, ban sake taka makarantar ba. Ni nake zuwa na ɗaya a lissafi. Babana har ya rasu yana cewa ni ce na ƙi karatu."

Auta ta ji hawaye ya cika mata ido. Bakinta ya motsa, ta tuna, ta kame shi.

Mama ta goge fuska da gefen mayafi ta miƙa hannu.

"Kawo ledar nan."

Ta zazzage ta a kan teburin yanka, ta shiga ware masu santsi gefe guda, na auduga gefe guda.

"Yaya ya kamata ƙunzugun ya kasance, ke da kika san jiki?"

"Mai taushi daga sama, Mama, wanda zai wanku ya bushe da wuri a rana. In bai bushe ba yana kawo cuta."

"To ninki uku za a yi, a sa masa fiffike da maɓalli don kada ya zame. Yara nawa ne?"

"Suna da yawa."

"Yawa ba amsa ba ce. Jawo kujerarki nan, kina can lungu kamar wadda aka yi wa horo."

Da yamma Injiniya ya shigo ya tsaya turus. Mahaifiyarsa tana kan keke, Auta tana yanka da almakashin da ba a taɓawa, ga tarin wasu ƙananan abubuwa masu launi-launi a tsakaninsu. Ya ɗauki ɗaya ya juya.

"Wannan kuma mene ne? Jakar waya?"

"Ajiye!" suka faɗa tare.

Ya ajiye da sauri. Auta ta toshe baki, dariya ta ƙwace mata. Mama ta zaro tef daga wuyanta.

"Ke, miƙe tsaye. Ɗaga hannu." Ta zagaya tef a ƙugun Auta ta yi tsaki. "Dubi yadda kika rame. Haka zan yi wa surukata kayan biki, kamar ina ɗinka wa sanda riga?"

Injiniya ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi Auta.

"Mama... kina nufin—"

"Kai fita ka ba mu wuri, awo muke yi!" Ta juya ga Auta. "Za ki koma, na sani. Ki je ki kai musu. Ki ce wa yaran nan wata tsohuwa ta ce kada wadda ta sake barin aji. In kin dawo a yi bikin."

Haka kuwa aka yi. Auta ta koma dutse da buhu biyu, ta koya wa matan can yadda za su ɗinka da hannu idan waɗannan sun ƙare. Ta dawo aka ɗaura aure. Har yau telolin layin su Mama ba sa zubar da ƙyallen auduga, shagonta suke kaiwa.

'Yan'uwana matasa, da yawanmu muna iya yin haƙuri da baƙo, mu saurare shi da ladabi, amma na gida sai mu ɗauka mun riga mun san abin da ke ransa. Iyaye ma suna da ciwon da ba su taɓa faɗa wa kowa ba, kuma sau da yawa daga nan tsananinsu yake fitowa. Wanda yake son a fahimce shi, ya fara zama ya saurara. Auta ta kusa rasa mijinta a ranar da ta fi kowa magana, ta same shi a ranar da ta iya yin shiru.