Otal ɗin Tasha

"Shekara bakwai, Binta… shekara bakwai ina jiran jirgin da ko hayaƙinshi ba a gani ba."

Hamisu ke maganar, yana jingine da kamiyonsa, babbar motar ɗaukar gyaɗa, a ƙofar otal ɗinmu. Na kasa ɗaga ido.

Otal ɗin Tasha ake kiransa, alhali duk Madarumfa babu tasha. A shekarar alif ɗari tara da sittin da biyu mahaifina, Malam Garba, ya ga masu awon ƙasa a bakin tafki, wani mai dogon baki ya ce masa layin dogo za a jawo daga Kano. Ya sayar da gonakinsa kaf, ya gina ɗaki goma sha biyu da baranda mai kallon kudu. Ran da Hamisu ya aiko neman aurena, Baba ya dafa Alƙur'ani gaban jama'a: ba za a ɗaura ba sai jirgi ya tsaya a ƙofarsa.

"Fari ya kashe gyaɗa, Kano zan koma," in ji Hamisu. "Liman ya ce in Baba ya ciyar da mutum goma, rantsuwa ta warware. Roƙe shi, rabin raina."

Na sami Baba a baranda, idanunsa da suka fara dushewa suna kudu. Na durƙusa.

"Baba, kaffara… mutum goma kaɗai."

"Kullum ina ciyar da fiye da haka, ɗiyata."

"To ka yi da niyya."



"In na yi, na yarda ba ya zuwa ke nan. To mi na yi da rayuwata?"

Na zo da fushi cike da ciki, amma da na dube shi, tausayi ya karya ni. Na tsani wannan tausayin har yau.

Na koma wurin Hamisu.

"Ya ƙi?"

"Bai iya ba."

"Ki biyo ni, kawunki ya ɗaura muna."

"In na tahi, ni na faɗa mishi abin da ya kasa ji."

Ya dube ni, ya goge fuska da hularsa, ya hau mota. Sai da ya kai kwanar hanyar kudu ya danna odar motar, doguwa, sau ɗaya.

Baba ya miƙe zumbur yana lalubar sandarsa.

"Binta, kin ji jirgi? Gyara ɗaki na ɗaya, baƙi sun iso."

Na ce, "To, Baba."