Allurar da Ba Ta Motsa Ba

"Motar ɗaukar amarya ce fa, sai ki gyara mana ita da kyau!"

Hajo ce ta faɗi haka tana yatsina, ta jingina da Fijon da Maiwada ke haya da ita. 'Yar kawunsa ce, wadda dangi ke so ya aura maimakon Afusat, 'yar Baba Adewale mai gyaran wayar mota a Funtua.

"Wace amarya?" in ji Afusat.

"Au, bai faɗa miki ba? Ran Juma'a za a ɗauko ni daga Kafur... Allah sarki, 'yar Yarbawa!"

Ta ja gyale ta wuce tana dariya.

Afusat ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Baba ya tafi masallaci, ita kuwa tun tana ƙarama ta iya aikin. Ta kwance sansa, ɗan ƙarfen da ke sanar da direba zafin ruwan inji. Ta manna masa wayoyi biyu na mitar gwaji, ta tsoma bakinsa a tafasasshen ruwa. In mai rai ne, allurar mitar za ta yi tafiya.

Ko gezau.

Matacce ne. Inji zai iya dahuwa direba bai sani ba.

Maiwada ya dawo daga shan shayi, sai murmushi yake.

"Rabin raina, ya kika gani? Juma'a ina da tafiyar da ta fi kowace tafiya."

Wato har da bakinsa!

"Lafiyarsa ƙalau," ta ce, ta mayar da shi ta ɗaure tamau.

Ran Juma'a bayan la'asar aka jawo Fijo da igiya daga hanyar Malumfashi. Tiyon lagireto ya tsage, ruwa ya tsiyaye, allurar gaban direba ba ta ce komai ba har inji ya ƙone. Mai motar ya karɓe makullinsa tun a bakin titi.

Baba ya sake gwada sansan a gaban kowa. Ya kalli mita, ya kalli 'yarsa, ya sunkuyar da kai.

"Afusa..." in ji Maiwada. "Ce min kuskure ne. Wallahi zan yarda."

"Ina amaryar taka?" ta ce cikin kuka.

"Wace amarya? Kawu Lawal da dattawa na ɗauko, neman aurenki! Sai da na durƙusa masa har gwiwata ta yi kanta kafin ya yarda. Yanzu ya hau akori-kura ya koma, ya ce ya ga abin da ya zo gani."

"Hajo ce ta ce..."

"Hajo ta ce, ke kuma kika aikata. Ni ba ni da bakin da za a tambaya?"

"Maiwada, don Allah!"

Ya buɗe but, ya ciro ƙunshin goro ya dire a gabanta.

"Naki ne. Raba wa mutanen gareji."