Auren Wasa a Dandalin Madarumfa

Hajara na zaune bayan zanar da aka kafa a gefen dandalin Madarumfa, lulluɓe da saƙin amarya, sai ga ƙawarta Lantana ta faɗo tana haki.

"Hajara, kin san wa anka naɗa ango?"

"Wa?"

"Hamisu... kuma ga Babanki can gaba bisa tabarma."

Hajara ta yunƙura za ta yaye mayafin, Lantana ta riƙe mata hannu, don kalangu ya riga ya ɗauki taken amarya, gari kuma ya gama hallara tun bayan la'asar.

Ranar kalankuwa ce, wasan da samari da 'yan mata ke yi bayan hatsi ya shiga rumbu. Kowa da sarautarsa ta wasa. Ga Kumandan, mai kwaikwayon Baturen mulki, ya shafe fuska da toka yana zuba yaren da shi kansa bai san ma'anarsa ba, ga Alƙali, ga Liman da gemun auduga. Doka ɗaya ke riƙe da wasan, wato ba a fushi. Wanda ya ɗaure fuska, ko furfura ta cika masa kai, tarar ƙwaryar goro ta hau shi. A ƙarshe akan ɗaura auren wasa, sadakinsa guntayen sakaina.

Shi Hamisu masunci ne a bakin tafki, mutumin Safo. Gidansu har gobe suna kan al'adar kakanni, shi kaɗai ya musulunta shekara uku da suka wuce. Hajara na sonsa, son da ba ta iya ɓoye shi ko ga kajin gidansu. Sau biyu yana tura manya wurin mahaifinta, Malam Shu'aibu, sau biyu tsohon yana cewa sallar shekara uku ba ta isa riƙon 'yarsa ba.

Mai rabon sarautun wasa kuwa Ɗanjuma ne, Sarkin Samari, wanda ya daɗe yana zarya ƙofar gidansu Hajara ba ta ko leƙo shi. Shi ya ƙulla wannan. Nufinsa a tambayi Malam Shu'aibu a gaban gari, ya ƙi a gaban gari, kunya ta kori Hamisu ya tattara komarsa ta kamun kifi ya koma Safo.

Aka fito da ita da guɗa, aka zaunar da ita kusa da ango. Ta cikin saƙin ta hango ƙafafunsa da tabon ƙaya, ta ji tausayinsa ya cika mata ƙirji.

"Hajo," ya ce ƙasa-ƙasa, "ban sani ba sai da anka naɗa mini rawani."

"Tashi ka tahi. Kunyata ka za su yi."

"In na tashi ke za a bari ana ma dariya. Gara a yi da ni, 'yar gidana."

Liman mai gemun auduga ya yi gyaran murya, ya nemi waliyyin amarya. Bisa al'ada wani saurayi ne ke amsawa, amma Ɗanjuma ya taka har gaban tabarmar dattawa ya durƙusa, ya tambayi Malam Shu'aibu da ƙarfi ko ya ba Hamisu ɗiyarsa Hajara.

A nan lissafin Ɗanjuma ya karkace. Malam Shu'aibu mutum ne mai son a ce ya iya magana, kuma bai shirya biyan goro ba. Ya dubi jama'a, ya kece da dariya.

"Na ba shi. Shi ɗanɗana na wasa, tunda na gaske ya fi ƙarfinai."

Dandali ya ɗauki dariya. Hajara ta ji kamar ta nutse cikin ƙasa. Hamisu bai ɗaga kai ba, ya ce ya karɓa.

Aka miƙo masa sakainar sadaki. Ya jujjuya ta a tafin hannu, sannan ya ajiye ta gefe. Ya ce ko a wasa ba ya biyan sadakin Hajara da fasasshiyar ƙwarya. Ya zare zoben azurfar da uwarsa ta ba shi ranar da ya bar gida, ya sa a faifan karɓar sadaki. Malam Shu'aibu ya ɗauka, ya cije shi da haƙori don ƙara ba mutane dariya, ya jefa a aljihu. Aka shafa Fatiha, kowa na shafawa yana ƙyaƙyatawa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Liman Yahaya, limamin gari na gaske, yana zaune gindin tsamiya tun farko. Ya dogara sandarsa ya miƙe, makaɗa suka sassauta hannu har suka yi shiru.

Ya tambayi Malam Shu'aibu ko shi ne uban yarinya, ya ce shi ne. Ko da bakinsa ya ce ya bayar, ya ce ai wasa ne. Ko ya karɓi azurfa, tsohon ya shafa aljihun da zoben yake ciki.

"To, Shu'aibu, aure ba shi da wasa. Uba ya bayar, miji ya karɓa, ga sadaki, ga shaidu cike da dandali. Wanga aure ya ɗauru."

Ɗanjuma ya fara ihu a tilasta wa masunci ya sake ta yanzu-yanzu, Liman ya ce babu mai wannan iko, igiya na hannun mijin.

Hajara ta ji daɗi ya rufe ta. Amma da ta hango mahaifinta, dattijo guda, ya sunkuyar da kai a gaban yaran da aka haifa a idonsa, sai daɗin ya gauraye da kuka.

Hamisu ya kwance rawanin wasan, ya je gaban tsohon ya durƙusa.

"Baba, Allah ya sani babu abin da nike so duniya kamar Hajara. Amma ba ni son in ɗauke ta ta bayan ranka. In ka ce in sake ta, yanzu sai in saka."

Hajara har ta ji haushinsa a ranta. Wane irin mutum ne Allah zai ba shi abu a hannu ya mayar?

Malam Shu'aibu ya dube shi. Ya tambaye shi ko ya ji abin da Liman ya ce, cewa in ya ƙi babu mai ƙwace ta. Hamisu ya ce ya ji. Ya sake tambayarsa wa ya koya masa haka, ya ce a masallacin da suke salla tare ya ji cewa ba a cin abin mutum sai da daɗin ransa.

Tsohon ya juya wajen 'yarsa.

"Hajara, ke mi kika ce?"

Ba ta taɓa yin irin wannan magana a gabansa ba. Muryarta ta fito siririya ta cikin mayafi.

"Baba, in ka ce a kwance, ni mai biyayya ce... amma zuciyata ba ta kwantuwa."

Malam Shu'aibu ya share fuska da hannun riga, ya ce ƙura ce ta shiga masa ido, alhali ko iska ba a yi. Ya kama kafaɗar Hamisu ya tashe shi tsaye, sannan ya fuskanci gindin tsamiya.

"Allah gafarta Malam, a sake Fatiha. Ta farin da dariya na shafa ta."

Aka ɗaga hannuwa. Amarya dai an san ta da shiru da sunkuyar da kai, haka aka gada. Amma da Liman ya kai ƙarshe, amin ɗin da ta fito daga ƙarƙashin saƙin nan har matan da ke can bayan dandali sun ji ta.